Babban Yatsan Baban Biyu

Washegarin da aka binne Baban Biyu aka bugo waya ofishin 'yan sanda daga tashar jiragen ruwa, aka ce kwantena guda ta batiran sola ta yi ɓatan dabo. Ba a fasa ƙofa ba, ba a haura katanga ba. Ta babbar ƙofa ta fita da rana tsaka, mai gadi har ya ɗaga wa direban hannu.

Sufeto ya tafi shi da Kofur. Tun a mota ya san aikin nan ba irin nasa ba ne, domin ya ji labarin sabon tsarin tashar. Shi mutumin takarda ne. Ba shi takarda ya ɗaga ta a rana, zai nuna maka inda aka kankare, zai gane hatimin jabu ko da ido ɗaya. To ga shi an ce tashar ta rabu da takarda kwata-kwata.

Manaja ya tarbe su a ofis mai sanyin da ke shiga ƙashi. Teburinsa fes, ko biro babu. Ya yi musu bayani cewa a da kowace kwantena da takardunta masu kaurin tafin hannu, ta jirgi daban, ta kwastam daban, ta inshora daban, a yi ta yawo da su ofis-ofis ana buga hatimi. Yanzu duk suna cikin kwamfuta, tun daga ƙasar da aka ɗoro kayan har zuwa nan. Abu na ƙarshe shi ne jami'in fitar da kaya ya zaɓi kwantena da motar da za ta ɗauke ta a wata 'yar na'ura da ke rataye a wuyansa, ya danna babban yatsansa. Daga nan ƙarfen ƙofa ya ɗaga.

"Wa ya danna?" in ji Sufeto.

"Marigayi Baban Biyu, jami'inmu na fitar da kaya. Allah ya jiƙansa, amma shi ne."

"Ba a ranar ya faɗi ba?"

"A ranar. Ya saki kayan, tsoro ya kama shi, hawan jininsa ya tashi, ya faɗi a bayan kwantenoni. Ba a tsince shi ba sai da yamma. Maganar a fili take, Yallabai."

Manaja ya ƙara da cewa kafin a tashi aiki gobe zai aika rahoto hedikwata da sunan marigayin a ciki, kuma dole iyalinsa su kwashe kayansu daga gidan ma'aikata. Shugaban Sufeto ma ya bugo waya, ya ce tunda ɓarawon ya riga ya tafi inda ba a dawowa, kada a ɓata man mota.

Sufeto ya mai da wayarsa aljihu. Ya dai san cewa laifin da aka ɗora wa mamaci ba ya sauka, domin ba shi da bakin musu.

Mai gadin ƙofa ya rantse bai san komai ba, shi dai fitila ta yi kore ya ga ƙarfe ya ɗaga. Lambar tirelar da kyamara ta ɗauka kuwa ta bogi ce. Da aka tambaye shi ko wani ya yi magana da direban, sai ya hau kallon takalminsa, ya ce shi idonsa ba ya gani sosai in rana ta take. Kofur ya ce ikon Allah, makaho da gadin ƙofa.

Daga nan suka wuce gidan makoki. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida. Babur ɗin marigayi na jingine a bango an rufe shi da tsohon zane. 'Yan biyun, mata ne, suna zaune a bakin ƙofa da kayan makaranta a jikinsu ko da yake ba su je ba. Labari ya riga Sufeto isowa, domin matan da suka zo gaisuwa sun ragu, waɗanda suka rage kuma a tsaitsaye suke yi su fita.

Maman Biyu ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ce mijinta ko allura bai taɓa ɗaukowa daga tashar ba, amma ta san kowace mace haka za ta ce. Sai ta hau murza bakin mayafinta.

"Akwai abin da ke damuna, Yallabai, ban san ko magana ce ba."

"Faɗi, 'yar'uwa."

Ta ce da ta isa asibiti ya riga ya cika. Ta kama hannunsa na dama ta riƙe. Hannun duk baƙin giris ne, irin na ƙarfen ƙofar kwantena, domin shi mutum ne da ba ya iya ganin ƙofa ta cije wa leburori ya wuce. Amma babban yatsan fes yake, har ƙarƙashin farcen. Kuma yana warin abin nan da ake goge wa mutum fata da shi kafin a yi masa allura.

Sufeto ya ce wataƙila ma'aikatan asibiti ne. Ta ce ta tambaya, sun ce ba su taɓa hannun ba. Ya ce to wataƙila shi ya goge da kansa don ya danna na'urar. Ya faɗi haka ne yana jin nauyin bakinsa.

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da leda. Wandon aikinsa ne, wanda asibiti suka ba ta. Ta shimfiɗa shi a kan tabarma.

"Tun da muka yi aure nake faɗa da shi a kan cinyar wandonsa. Nan ne tawul ɗinsa. Ko miya ya ci nan zai goge. Duba, Yallabai."

Ƙurar inda ya faɗi tana nan a bayan wandon. Cinyoyin kuwa babu tabo ko ɗaya. Da shi ya goge yatsan da kansa, da nan za a ga giris ɗin.

A hanyar fita suka ci karo da wani dattijo ya shigo da ledar alewa, yaran suka taso suna kiransa Kaka. Maman Biyu ta ce Baba Hatimi ne, abokin aikin mijinta. Shi ke buga hatimin fitar da kaya a zamanin takarda. Da aka zo sallamar masu aikin takarda, mijinta ne ya roƙa aka bar shi yana kula da siton tsofaffin takardu. Sufeto ya tambaye shi ko ya ga marigayin a ranar. Dattijon ya share ido da bakin riga, ya ce ina, shi yana sito tun safe, ƙaddara ba ta haɗa su ba.

Sufeto ya koma mota. Hujjarsa guda ce, yatsan nan, shi ma yana ƙarƙashin ƙasa tun jiya. Wa zai je gaban alƙali da wando?

Da safe ya koma tashar, ya nemi Injiniya, matar da ta jagoranci haɗa sabon tsarin. Idanunta sun faɗa, da gani ita ma ba ta yi barci ba. Ta ce tsarin yana aiki daidai, kuma abin da ke ba ta tsoro ke nan. Shekaru ta yi tana shawo kan 'yan kasuwa su yarda cewa yatsa ya fi hatimi aminci.

Ya tambaye ta ko za a iya danna yatsan gawa. Ta girgiza kai, ta ce na'urar ba ta karɓar yatsan da babu jini mai gudu a cikinsa. Lokacin da aka danna, yana da rai.

"Ke nan Manaja ya yi gaskiya."

"Ban sani ba, Yallabai. Amma zo ka ga wani abu."

Ta nuna masa hoton yatsan a fuskar kwamfuta. Na sauran ranaku duk ƙanana ne, zagaye, dannawa ɗaya na'ura ta karɓa. Na ranar kuwa sai da na'urar ta yi ta ƙi kafin ta karɓa, kuma waɗanda ta ƙi ɗin duk sun baje, sun yi faɗi kamar an ja su. Ta ce ita ta ɗauka rawar hannu ce ta mai jin jiki.

Sufeto ya matso da kujerarsa. Kwamfuta ba abinsa ba ce, amma wannan hoton ya san shi kamar yunwar cikinsa. Ba rawar hannu ba ce. Haka dangwale yake fita idan wani ya kama yatsanka ya mirgina shi daga gefe zuwa gefe a kan takarda, irin yadda ake yi da tawada. Ya tambaye ta su wa ke mirgina yatsa a tashar. Ta ce babu, darasin farko da take koya wa kowa shi ne a danna, kada a mirgina.

"Kowa kika koya wa?"

"Duk wanda aka ba na'ura."

Azahar ta wuce. Manaja ya aiko a tambaya ko an gama, rahoto na jira. Sufeto ya ce a ba shi ɗan lokaci, ya tura Kofur ya ɗauko Maman Biyu, ya sa aka kira mai gadi, suka nufi sito.

Siton dogon ɗaki ne mai warin ƙura, takardu ɗaure da igiya har rufi. Baba Hatimi na zaune a tsohon teburinsa, hatimansa jere a gabansa kamar sojoji, ko da yake babu wanda ya kawo masa abin bugawa tun bara. Ya miƙe da ya ga Maman Biyu, ya ba ta kujerarsa.

Sufeto ya ce taimako suka zo nema. Mai gadi ya ba da bayani, amma ba ya rubutu, sai dai dangwale, su kuma sun manto tawadarsu a ofis. Ko Baba zai yi musu?

Fuskar dattijon ta washe. Ya ce yau ga ranar tsoho, ashe kwamfuta ma tana da iyaka. Ya buɗe gwangwanin tawada, ya zaro 'yar kwalba da tsumma daga aljihun rigarsa. Ya kama babban yatsan mai gadi, ya ɗiga ruwan kwalbar a tsumman, ya goge shi tas, har ƙarƙashin farce, yana yi masa tsiya cewa wannan yatsa ko ƙasar noma. Sannan ya taɓa shi a tawada, ya mirgina shi a takarda daga gefe zuwa gefe, a hankali, cikin gwaninta.

Warin ruwan kwalbar, irin na kafin allura, ya cika wurin. Maman Biyu ta miƙe tsaye, hannunta a kan bakinta.

Sufeto ya ɗauki tsumman ya ware shi a kan tebur. Duk tabon tawada ne, shuɗi a kan shuɗi, tsofaffi. A gefe guda kuma ga baƙin giris, sabo, yana maiƙo.

"Baba, wace takarda ce a ɗakin nan ake shafa wa giris?"

Mai gadi, da yatsansa a sama har yanzu da tawada, ya ce shi fa yanzu ya tuna, ranar ya hango Baba a jikin tagar tirelar yana magana da direban.

Baba Hatimi ya zauna a kan ɗaurin takardu. Ya ce shekara da shekaru babu kayan da ke fita tashar nan sai da hannunsa. Manyan 'yan kasuwa sai sun rusuna sun gaishe shi. Rana ɗaya aka mai da shi mai gadin ɓeraye, wanda ya gaishe shi jiya yau ya wuce shi kamar turke. Sai wasu mutane suka zo suka gaishe shi irin gaisuwar da, suka nemi ya fitar musu da kwantenar. Shirin shi ne ya roƙi Baban Biyu ya nuna masa yadda na'urar ke aiki, ya zaɓi kwantenar da motar da kansa kamar mai koyo, Baban Biyu kuma ya danna bai lura ba. Tirelar na ciki tana jira, ya fita nemansa, sai ya same shi kwance a tsakanin kwantenoni, bakinsa ya karkace, yana numfashi.

"Na goge yatsansa na mirgina shi a na'urar. Na ce in na gama zan kira mutane. Da na gama sai na ji tsoron a ce me ya kai ni wurin."

Kofur ya ciro ankwa. Sufeto ya ɗaga waya ya ce wa Manaja ya cire sunan marigayi daga rahotonsa, ga wanda zai saka a gurbinsa.

Maman Biyu ta matso har gaban dattijon. Muryarta ba ta tashi ba.

"Kaka, ya gane ka?"

"Ya gane ni."

"Ya ce wani abu?"

Dattijon ya kalli ƙasa. Sai da Sufeto ya ce ya ba ta amsa.

"Da na kama hannunsa, ya matse nawa. Ya ce, 'Baba, na gode da ka zo.'"

Kofur ya ɗaga dattijon, suka bi ta tsakanin takardun suka fita. Baba Hatimi ya bar gwangwanin tawadarsa a buɗe.

Sufeto ya mai da Maman Biyu gida da kansa. A ƙofar gida ya ce mata gobe 'yan biyu su je makaranta, su ɗaga kansu.

Ta shiga ta tarar da wandon a kan tabarma inda ta bar shi. Ta ɗebo ruwa a bokiti, ta ɗauko sabulu, ta tsaya tana kallon cinyoyin nan da ta yi shekaru tana dirzawa tana mita. Sannan ta mai da sabulun, ta ninke wandon da ƙurarsa, ta sa shi a ƙasan akwatinta.