Tafi Irin Na Mata

"Da ita za ka shiga ke nan?"

Garikai bai ɗago ba. Yana ta fama da igiyar takalminsa kamar ita ta yi masa tambayar.

"Shuvai, don Allah... ba yau ba."

"Tambaya kawai na yi."

"Manaja ne ya tsara. Mellisa ce a bidiyon, dole a gan mu tare a bakin zauren. Aiki ne, masoyiyata, kin fi kowa sani."

Na sani. Sanin ne ma ya gajiyar da ni. Na ajiye dutsen guga, na ɗaga kwat ɗin da na ɗinka masa, na kakkaɓe.

Tun kafin Harare ta san muryarsa nake aurensa. Ni na ɗinka kayan 'yan rawar da ke cikin bidiyon da ya kai shi gasar bana. Amma manajansa ya ce mawaƙin da ke da mata, 'yan mata ba sa kallon waƙarsa. Don haka duk hirar da aka yi da shi sai ya yi murmushi ya ce, "Har yanzu ina nema." Har 'yarmu Danai, mai shekara huɗu, ta koyi cewa in mun fita kanti ba a kiransa Baba. Ranar da na ga ta toshe bakinta da hannu don kada kalmar ta kuɓuce, wani abu ya mutu a cikina.

Ya saka kwat ɗin, ya juya gaban madubi. Idonsa ya sauka a kan jakata da ke bayan ƙofa, cike tam.

"Wannan jakar fa?"

"Ka tafi kada ka makara."

"Shuvai..."

Motar da ta zo ɗaukarsa ta danna oda. Ya tsaya jim, ya shafa kan Danai, sannan ya ce, "Tankiyu, bebi." Ya fita.

Tete Sekesai, ƙanwar babana, tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Daga garinmu Buhera ta zo takanas, don a wurinmu maganar aure ta tete ce. Ta ja tsaki mai tsawo.

"Bebi! Ke ce bebi? Mace ta ƙare idonta a kan allura, a sallame ta da bebi? A gidanmu ko ruwa kika miƙa wa miji sai ya tafa hannu ya gode miki da kirarin danginki. Ke Chihera ce fa, ba tsintacciya ba!"

Duk macen danginmu Chihera ake ce mata, kuma kowa ya san mu da taurin kai. Ni dai nawa taurin ya daɗe da yin laushi.

"Tete, a unguwar Mbare ya tashi, nan cikin birni. Bai san ubansa ba. Wa zai koya masa?"

"Kullum kina da uzurin da za ki ba shi. Babanki ya ce in zo da ke da yarinya. Motar Buhera da safe take tashi."

"Ai na haɗa kaya."

Ba fushi nake ba, wallahi. Fushi yana buƙatar ƙarfi. Na gaji ne kawai, gajiyar da barci ba ya magani.

Rana na faɗuwa aka ɗauke wuta, kamar kullum. Muka tafi gidan maƙwabciyata mai wutar sola don kallon gasar a talabijin. Matan layinmu sun cika falon, kowa da ɗanta a cinya. Duk sun san ni ce matarsa, shi ya sa da aka nuno shi yana saukowa daga mota, Mellisa ta maƙale hannunsa, sai kowa ta sami abin gyarawa a zaninta.

"Ɗinkin dai ya zauna," in ji wata, don ta rage mini zafi.

Aka yi ta kiran kyaututtuka. Gwarzon mai ba da umarni, gwarzuwar rawa, sabon tauraro. Kowa ya hau sai ya gode wa Allah, ya gode wa mahaifiyarsa, ya ɗaga kofinsa sama. Wata yarinya daga Bulawayo ta yi kuka har kwalli ya zubo mata. Ni ina zaune ina tunanin ko na saka wa Danai rigar sanyi a jaka.

"Bidiyon da ya fi kowanne a bana..." Mai gabatarwa ta ja numfashi. "Garikai!"

Falon ya kaure da guɗa. Ban motsa ba.

Ya hau dandamali, ya karɓi kofin. Ya gode wa Allah. Ya gode wa manaja, da masu ɗaukar hoto, da masoyansa na Mbare. Ya gode wa Mellisa. Na ɗauki Danai na saɓa a kafaɗa.

"Tete, mu je."

"Tsaya," in ji ta. "Me yake yi haka?"

Na waiwaya. Garikai ya ajiye kofin a ƙasa. Ya durƙusa a gaban idon 'yan ƙasa duka, cikin kwat ɗin da na goge, ya fara tafa hannu a hankali.

"Mun gode, Chihera... Mun gode, 'yar Buhera."

Kyamara ta juya kan Mellisa. Ita kuwa, da yake ta iya aikinta, ta dafe ƙirji tana lumshe ido. Zauren ya ɗauki ihu. Ko wannan ma sai an ba wata?

Ashe ya hango ta a babban allon da ke bayansa. Ya miƙe da sauri.

"A'a! Ku ɗauke kyamarar nan, ba ita ba ce! Maman Danai nake nufi. Matata. Tana gida a Highfield yanzu, ƙila ma babu wuta." Ya kama gaban kwat ɗin. "Ita ta ɗinka wannan. Ita ta ɗinka komai. Shuvai, kada ki tafi..."

Aka sako kiɗa don a katse shi. Ya matso da bakinsa kusa da makirufo, ya ɗaga murya.

"Danai! Baba ne! Faɗi da ƙarfi!"

Aka yanke zuwa talla.

Danai ta ɗago kai daga kafaɗata, hannunta a bakinta.

"Mama... in faɗa?"

Na gyaɗa kai.

"Baba!" ta ce wa tallar sabulu. "Baba!"

A nan na fashe da kuka. Tete kuwa dariya take, tana share hawaye da bakin zani.

"Kun ga tafinsa? Ya giciye hannuwa! Tafin mata ya yi! Namiji hannu a miƙe yake tafawa. Gobe duk Buhera da shi za a karya kumallo!"

Ba mu kai gida ba wayata ta yi ƙara. Hayaniya ce a bayansa, da muryar manaja tana faɗa.

"Chihera... kin gani?"

"Na gani." Na ja hanci. "Ka ba mu kunya. Tafin mata ka yi a talabijin."

"Akwai na maza daban?"

"Akwai mana."

"Ni a wurinki na gani. Duk lokacin da na kawo abu gida, ko burodi ne, haka kike yi mini. Ban taɓa ganin wani ya yi ba sai ke."

Na tsaya cak a tsakiyar hanya. Ashe duk shekarun nan yana kallo.

"Manaja ya ce na gama yawo," ya ce. "Ƙila gaskiya ne. Ina nan tafe. Jakar nan..."

Na kalli Tete. Ta karɓi wayar daga hannuna.

"Suruki, motar Buhera tana nan da safe. Da kai za mu tafi. Surukinka zai koya maka tafin maza."

Ta miƙo mini wayar, ta goya Danai, ta wuce gaba tana mita.

"Garikai," na ce, "ka koya don babana. Amma ni, wancan nake so."