Hotunan Marigayiya Sun Yi Nauyi

Dab da magariba Mai Hoto ya tura ƙofar shagonsa, amma bai tafi gida ba. Wa zai tarar? Tun rasuwar matarsa gidan ya yi masa girma.

Autarsa da ke aure nesa ta matsa masa ya tura mata hotunan mahaifiyarta. Ya gwada ya gwada, sun ƙi tafiya, wai sun yi nauyi.

"Baba, akwai manhaja ta kyauta," ta ce masa a waya. "Ka zuba su duka, ta rage musu girma lokaci guda. Amma don Allah ka ware kwafi tukuna."

Mutumin da ya tsufa da kyamara a wuya, 'yar cikinsa ce za ta koya masa hoto? Bai ware komai ba. Ya kwaso hotunan zaman aurensu kaf, ya zuba, ya latsa. Ashe manhajar a kan na asalin take ajiyewa, kuma ba shi da wasu a ko'ina.

Hotuna suka shiga gilmawa a allon kwamfutarsa da sauri har suka zama kamar fim. Ga marigayiya tana amarya. Ga ta da goyo, tana dariya.

Sai ya lura da wani dogo can baya, fuskarsa duhu. Kowane hoto yana ciki. A kowane hoto sai ya ƙara matsowa.

Fanka ta tsaya cak. Ƙaurin ƙonannen gashi ya cika shagon.

Dogon ya iso, ya kama hannunta. Hoto na gaba, kujera ce babu kowa. Na gaba ma haka.

"Bar min ita," in ji Mai Hoto.

Wani numfashi mai sanyi ya sauka a bayan kunnensa.

"Duka ka ba ni," aka raɗa masa. "Ko ɗaya ba ka ware ba."

Dogon ya juyo. Ya miƙo hannu. Gilashin allon ya fara kumbura.

Mai Hoto ya fizge wayar wuta yana salati, ya yi waje ba takalmi.

Da safe ya kunna kwamfutar. Ɗakuna, kujeru, yara, duk suna nan. Ita ce babu. Hoto ɗaya ya tsira, na gadon asibiti, ta rame har ba a gane ta. Shi ya tura wa Auta.

Ta kira tana kuka. "Baba, ina waɗanda take dariya?"

Ya buɗe baki zai kwatanta mata dariyar, sai ya tarar shi ma ya kasa tuno ta.