Sandar Kik ta Hanyar Kuza

"Sayar da shi za a yi, Ilu."

"Yaya Sambo, babur ɗin Baba ne fa."

"Baba ya rasu. Kamfanin Ingilan da ya ƙera shi ma ya rufe. Sunan kawai ya rage, a Indiya ake ƙera sababbi, ka danna maɓalli su tashi. In jibi bai tashi ba, 'yan gwangwan za su auna shi."

Haka Ilu bakanike ya kwana da maganar wansa. Sandar kik ce ta karye, irinta kuwa an daina yi tun kafin a haife shi. Duk gidan shi kaɗai ke goge babur ɗin, shi kaɗai ke tuna ƙararsa.

Ku matso, ba na son ɗaga murya.

Washegari ya tura shi har Bukuru, shago shago. Babu. Magariba ta yi masa a tsohuwar hanyar ramukan kuza. Ba gida, ba fitila. Sai kukan sarƙar babur ɗin.

Can ya ji wata sarƙar tana amsawa.

Wani dattijo ne cikin kakin masinja, yana tura babur irin nasa sak. Muryarsa kamar daga rijiya.

"Samari, tada mini."

"Baba, kai fa?"

"Ƙafar ba ta kama kik."

Ilu ya duba ƙasa. Dugadugai a gaba, yatsu a baya.

"Tun zamanin Turawan kuza nake turawa," in ji dattijon. "Duk wanda na tsayar, gudu yake."

Ilu ma ya so gudu. Amma ya san nauyin tura babur kai kaɗai. Ya yi bisimilla, ya taka. Du, du, du, a hankali, kamar bugun zuciya. Ƙarar Baba.

Dattijon ya daɗe yana saurare. Sannan ya zare sandar kik da yatsa biyu, ya miƙa masa, sanyi ƙalau.

"Riƙe. Ni ba zan ƙara kashe shi ba."

Da asuba babur ɗin Baba ya tashi, Sambo ya sallami 'yan gwangwan. Sai dai har yau, in Ilu ya taka kik, wani yakan amsa daga nesa.

Don haka kada wadda ta bi hanyar nan ita kaɗai. Kun ji ko?

Uwani, 'yar ƙanwar Inna, ta leƙo daga cikin bargo.

"To Yaya, a wane gidan mai dattijon yake bin layi?"