Kwandon Ƙwai a Ƙofar Sistoci

Ranar da Jimena ta fara ganin Efraín, ihu ta yi masa. Tana zagayawa da baƙi a gidan tarihin da take aiki cikin tsohon garin Quito, sai ga wani saurayi ya ɗora wuƙa a fuskar mutum-mutumin mala'ikan da aka sassaƙa tun zamanin Sifaniyawa.

"Kai! Kana da hankali kuwa?"

Ya waiwayo da murmushi. "Aikina ke nan, 'yan mata. Ƙwari sun cinye masa kumatu, gyara nake yi."

Kunya kamar ta nutse. Amma kafin mako ya zagayo, lambarta na cikin wayarsa, har yana rubuto mata saƙo:

"Mai ihuna, yau shirun gidan nan ya yi yawa. Ki leƙo ko da faɗa ne ki yi mini."

Soyayya ta yi nisa, Jimena ta kai maganar gaban mahaifinta, Don Aurelio. Tsohon ya ajiye kofin kofinsa da ƙarfi.

"Ɗan Guayaquil? Mutanen bakin teku da ba su iya komai ba sai surutu da rawa? Ba dai 'yata ba!"

Jimena ta yi mutuwar tsaye, don bai taɓa ɗaga mata murya ba. Daga nan kuma saƙonnin Efraín suka ja baya. In ta matsa, sai ya rubuto, "Ki ba ni lokaci, zuciyata." Ga shi ana ta kawo mata gulmar cewa kullum yana tare da Pilar, 'yar maigidansa.

Wata Asabar ta biyo da baƙi ta gaban wani tsohon gidan sistocin coci, matan nan masu ibada da ba sa fita waje. Tana cikin bayanin ginin, sai idonta ya kai ƙofar. Efraín ne tsaye a ƙofa, Pilar na gefensa riƙe da kwandon ƙwai. A Quito ko yarinyar goye ta san ma'anar wannan: amarya ce ke kai wa sistoci ƙwai, su roƙa kada a yi ruwa ranar bikinta.

Ta watsar da baƙin a bakin titi ta tsallaka.

"Lokacin da ka ce in ba ka ke nan? Aure za ka yi, Efraín?"

"Jimena, tsaya ki ji..."

"Ba abin da zan ji!"

Ta fizgi kwandon, ya kife. Ƙwai suka tarwatse a kan duwatsun titi, Pilar ta dafe ƙirji tana kiran sunan Allah.

"Ke! Wane ɗanyen aiki ne wannan?"

Jimena ta waiwaya. Mahaifinta ne ya fito daga zauren, da hularsa ta zuwa coci.

"Baba? Me kake yi a nan?"

"Ƙwan bikinki na kawo, uwar masu faɗa! Yarinyar nan riƙe mini ta yi in yi sallama da sistoci. Na so sai a teburin abinci in faɗa miki."

Bakinta a buɗe ta ce, "Bikina da wa?"

Tsohon ya nuna Efraín da haɓa. "Na je wurin aikinsa in kore shi, sai na zauna ina kallo. Na koma, na sake komawa, na hana shi gaya miki. Mutumin da zai yini yana lallaɓa ruɓaɓɓen itace bai yi tsaki ba, shi ne zai iya da halinki."

Ta dubi Pilar, ta dubi ƙasa, sai hawaye. Efraín ya matso, takalminsa jage-jage da ƙwai.

"Kin yarda, zuciyata?"

Ta ɗaga kai alamar eh.

Ranar biki aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba kuwa wanda ya tambayi dalili. A ƙofar coci Don Aurelio ya haɗa hannayensu, rigarsa sharkaf.

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Kai kuma ka dai ga aikinta da idonka tun kafin ka ɗauka. Ba a dawo mini da ita."