Madubin Tagar Inna

Tun da ƙafafun Inna suka daina ɗaukar ta, ba ta da abin kallo sai silin. Kullum tambayarta ɗaya: ƙarfe nawa? Sai autanta, mai fenti, ya yi mata dabara. Ya tsinto guntun madubi a wani kango da suke gyarawa, ya liƙa a bakin taga. In rana ta bugi madubin, ɗigon haske ya faɗa kan silin. Duk awa ya hau tsani ya sa alama da fensir inda ɗigon ya kai.

Ranar da zai ja layukan awannin da fenti, aiki ya riƙe shi har rana ta faɗi. Ɗakin na warin fenti da man zafi. Ya ɗaure zare tsakanin ƙusoshi, ya tsoma buroshi.

"Auta, ka bari sai gobe."

"Saura kaɗan, Inna."

Nan ya ga ɗigon dab da hannunsa, kan layin azahar.

Ya leƙa taga. Duhu ne, ko fitilar maƙwabta babu.

Ɗigon ya motsa. Ya tsaya, ya koma baya, kamar mai neman abin da ya ɓatar. Ya ratsa zaren, zaren ya tsinke, tas. Sai ya fara gangarowa ta bangon gadon Inna.

"Kada ka dubi madubin," ta ce da raɗa.

Ya riga ya duba.

Ido ne. Guda ɗaya, ya cika madubin, ba ya ƙiftawa. Ba shi yake kallo ba, Inna yake kallo.

Tsanin ya goce. Fenti ya kife.

Hasken ya sauka kan matashinta. Numfashinta ya fara sarƙewa.

Da rarrafe ya kai tagar, yana ta'awwuzi, ya danne madubin da tafin hannu. Sanyi ya soke shi har gwiwar hannu. Ƙarƙashin tafinsa, wani abu ya ƙifta.

Ya kife gwangwanin fentin a kan madubin, ya goya Inna, ya fice babu takalmi.

Yanzu a gidansa take, kuma sai ta lulluɓe fuska take barci. Wancan ɗakin ya sa masa kwaɗo, ya cire masa wayar wuta.

Jiya tela na ƙofar gidan Inna ya tare shi a hanya.

"Maigida, ka riƙa kashe fitilar ɗakin Inna mana. Kwana take a kunne."