Ƙwan Fitilar Ɗakin Famfo

Da safe Tessa ta murɗa famfon kicin za ta ɗora ruwan shayi, sai ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ko ɗigo!

"Baba, babu ruwa fa!"

Myron, mahaifinta, ya ajiye cokali, ya zura ƙatuwar rigar sanyinsa ya fita. Tsakiyar Janairu ne a gonarsu da ke bayan garin Yorkton a ƙasar Kanada, irin sanyin da gashin hancin mutum ke daskarewa. Bai jima ba ya dawo yana huci, ya dangwarar da wani farin ƙwan fitila a kan tebur.

"Ga aikin saurayinki nan! Bututu ya daskare ya fashe, shanuna suna can suna lasar ƙanƙara!"

Curtis ke nan, mai sayar da kayan wuta a gari, wanda ya daɗe yana neman auren Tessa, Myron yana ta ja masa rai wai ɗan birni ne. A watan jiya yaron ya zo da kwali guda na sababbin ƙwayayen nan masu cin wuta kaɗan, ya bi gidan ɗaki-ɗaki ya canza, don dai ya burge. Ina! Tun ranar tsohon yake mita wai farin haskensu ya mayar masa da falo asibiti. To, duk manomin yankin yana barin tsohon ƙwai a kunne a ɗakin famfo, wato ɗan ɗakin injin da ke tura ruwa gida da wurin shanu, har sanyi ya wuce, don ɗuminsa ke hana bututu daskarewa. Sabon kuwa haske ne zalla, ko ka riƙe shi ba za ka ji ɗumi ba.

"Haba Baba, ka bari a tambaye shi mana—"

"Tambayar me? Wanda bai san abin da ke ba shanu ruwa ba, shi zan ba 'yata? Ki faɗa masa kada ya sake tako min gida!"

Tessa ta fashe da kuka. Mahaifiyarta Darlene tana tsaye bakin murhu, ta juya musu baya, burodin da take gasawa yana ƙonewa ba ta ko motsa ba.

Tessa ta buga wa Curtis waya tana shessheƙa. "Don Allah kada ka zo, Baba ya hau sama."

"Shanun sun sha ruwa?"

"A'a."

"To ga ni nan."

Ya iso da tankin ruwa a bayan mota da sabon bututu. Myron ya tare shi a tsakar gida ya wanke shi tas, har da ce masa mai hannun 'yan mata. Curtis ya dubi ƙwan da ake kaɗa masa a fuska, ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya faɗa kan Darlene a bakin ƙofa, ta yi zuru-zuru tana murza gefen rigarta. Ya rufe bakinsa.

"Ka yi haƙuri, Baba. Bari in fara ba su ruwa."

"Ni ba babanka ba ne!"

Ranar Curtis ya ga aiki. Ya shayar da shanun, sannan ya durƙusa a ɗan ɗakin nan yana narkar da ƙanƙara, yana yanke bututu, yatsunsa sun yi jawur sun tsattsage. Tessa ta kai masa kofi, ta tsuguna kusa da shi.

"Tsakani da Allah, kai ka canza ƙwan?"

"Riƙe min tocilan nan."

"Curtis, aurenmu ne fa zai tafi a kan ƙwan fitila!"

"Ɗan ɗaga sama. Yauwa."

Haushi kamar ya kashe ta, amma ta riƙe.

Da la'asar ruwa ya dawo. Curtis ya haɗa ɗan hita na ɗumama ɗakin, mai kunna kansa idan sanyi ya yi yawa, ya kwashe kayansa zai tafi. Darlene ta ce babu inda za shi da yunwa. Aka zauna ga miya mai zafi, kowa ya sunkuyar da kai. Can sai Darlene ta ajiye ludayi.

"Myron, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na canza. Tsohon ya mutu shekaranjiya, kana kwance da ciwon baya. Na ɗauki ɗaya a ragowar kwalin na saka. Na ga ya kama, na ɗauka shi ke nan. Yaron nan ko ƙofar ɗakin bai taɓa ba." Hawaye ya zubo mata. "Tun safe nake son faɗa, bakinka nake tsoro."

Myron ya ajiye cokalinsa. Kunya ta kama shi, ta zagin da ya yi, da ta jin cewa matar da suka tsufa tare tsoronsa take ji. Ya juya ga Curtis.

"Kai kuma ka sani, ka tsaya ina zaginka?"

"Baba, shanun ba su tambayi wanda ya canza ƙwai ba. Ruwa suke so. Kuma ni da na kawo kwalin ban yi wa Mama bayani ba."

Wannan karon Myron bai ce shi ba babansa ba ne. Ya dubi tsattsagaggun yatsun nan, ya tura masa kwanon burodi.

"Bayan shuka za a yi bikin. Amma ka ji, ƙwan falon nan ka nemo min mai ɗan ja-ja, na gaji da zaman asibiti."

Tessa ta yi tsalle ta rungume uwarta, suna kuka suna dariya.

'Yan mata, ku lura da kyau. Kyauta da daɗin baki kowane saurayi yana da su. Wanda za a zaga a kan laifin da ba nasa ba, ya haɗiye don ya rufa wa mahaifiyarki asiri, ya kuma durƙusa ya gyara ɓarnar, shi ne mijin aure. Haƙurin yini ɗaya ya ba Curtis abin da kwali guda na fitilu ya kasa ba shi.