Turaren Wuta a Gaban Kailasa

"Innalillahi... Lurwanu, me nake gani haka?"

Muhibba ta tsaya cak da tiren shayi a hannu. Hajiya Kaltume, mahaifiyar saurayinta, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Idonta na kan teburin da ke kusurwar falo.

A kan teburin akwai ɗan ƙaramin haikalin Hindu, fari tas. A gabansa kuma kaskon turaren wuta, hayaƙi na tashi cikin natsuwa.

Tarbiyya ce ta ja wa Muhibba. Uwarta ta koya mata ba a tarbar surukai a ɗakin da bai sha turare ba, kuma a ɗan gidan yayanta na unguwar Al-Naseem teburin nan kaɗai ne nesa da labule.

"Hajiya, aikin makaranta ne," ta ce. "Zanen gine-gine na karanta a Indiya. Kailasa sunansa, yana Ellora tun ƙarni na takwas. Ba gina shi aka yi ba, dutse guda aka sassaƙe daga sama zuwa ƙasa, rufi kafin ƙofa. In hannu ya kuskure babu gyara. Ni ma haka na fitar da nawa daga dunƙulen farar ƙasa..."

"Inna, ji yadda take yabonsa," in ji Bilqis.

Bilqis 'yar ƙanwar Hajiya ce, nas a wani asibitin unguwar Ulaisha. Tun tana yarinya ta gama shawarar auren Lurwanu, sanar da shi kawai ya rage. Wayarta ta riga ta ɗauki hoton, har da hayaƙin.

"Wa ake bauta wa a ciki?" Hajiya ta tambaya.

"Su can Shiba suke bauta wa. Nawa babu kowa a ciki, ɗakin tsakiya fayau na bar shi. Sai giwayen nan na ƙasa, masu kamar suna ɗauke da ginin."

"Har sunansa ta sani," Bilqis ta ce a hankali.

Muhibba ta dubi Lurwanu. Injiniya guda, wanda a wurin gini a unguwar Ulaya tsawarsa ke sa leburori zubar da bulo, ya duƙufa nazarin kafet. Shi ne fa ya ɗauko haikalin daga filin jirgi a kan cinyarsa, yana cewa hannunta ya fi zinare.

Shayin nan ba a sha shi ba.

Kafin azahar ɗin washegari hoton ya zaga dangi har Zariya. Wani kawu ya aiko tambaya, cikin ladabi, ko za a sake ba yarinyar kalmar shahada kafin ɗaurin aure.

Bayan la'asar Lurwanu ya zo.

"Habibti, fasa haikalin nan kawai. Shi ke nan, magana ta mutu."

"Masoyi, jibi zan kai shi kamfanin da ke gyaran tsofaffin gine-gine. Shi ne shaidar abin da hannuna ya iya."

"Ki yi wani mana."

"Ka san tsawon lokacin da na ɗauka a kan giwa ɗaya?"

"Hibba, Mama ko abinci ba ta ci. In ta ga kin fasa da hannunki, wallahi watan gobe a ɗaura."

"Ka gaya mata kai ka ɗauko min shi?"

"Wannan zai ƙara dagula lissafi ne."

Ta shiga kicin ta fito da taɓaryar dakan yaji.

Ya ɗaga waya.

"Tsaya... matso wajen taga, fuskarki ba ta fita."

Ta matsa.

Daga hasumiyar sama ta fara, don hannunta bai san wata hanyar ba. Rufi ya rufta, ginshiƙai suka bi. Giwayen ne suka yi taurin kai, sai da ta sa hannu biyu. Farar ƙura ta hau girarta, hawaye suka yi hanya a ciki.

"Madalla da matata," ya ce, ya tura hoton bidiyon tun bai kai ƙofa ba.

Ranar ganawa da kamfanin ta zo ta wuce. Muhibba na zaune kusa da waya kamar mai jinya.

Sai ranar Juma'a ya kira.

"Mama ta gani."

"Alhamdulillahi. Me ta ce?"

Ya yi gyaran murya.

"Ta ce in da gaske aikin makaranta ne, ai mai gaskiya ba ta fasa hujjarta. Ta ce abin da ta gani tuba ne... kuma ba a tuba sai an yi."

"Lurwanu, kai ka sa ni."

"Na sani. Amma ta ce kukan ma ya yi yawa. Mutum ba ya yi wa farar ƙasa irin wannan kukan." Ya ja numfashi. "Ta ce a bar maganar auren."

A bayansa ta jiyo muryar Bilqis, tana tambayar Yaya ko a ƙara masa miya.

"Kai kuma me ka ce mata?"



"Na ce Allah Ya karɓi tubanki, Hibba."